Bayan an yi maka aiki: maganin kashe kumburi ko na kashe zafi, wanne za ka riƙe?

Duk wanda aka taɓa yi wa aiki ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya san daren farko da na biyu su ne masu wuya, kuma a lokacin ne ake ta jin sunayen magunguna suna yawo a kunne, wannan ya ce farasitamol ya isa, wancan ya ce ai sai diklofenak, wani ya ce a nemi tiramadol kawai a huta. To gaskiya waɗannan magungunan ba aiki ɗaya suke yi ba, kowanne akwai inda yake taɓawa a jiki, kuma idan ba ka san abin da ƙwayoyin garkuwar jikinka suke yi a cikin mikin ba a wannan lokacin, zaɓen zai zama cacar baki kawai. Shi ya sa nake so mu fara daga cikin mikin kansa kafin mu zo kan magani.

Da wuƙar likita ta ratsa fata, ƙwayoyin naman da suka fashe suna zubar da abin cikinsu, jiki kuma ya ɗauki wannan a matsayin ƙararrawa ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a wurin. Akwai wasu ƙwayoyi da dama can suna zaune a cikin fata, ana ce musu ƙwayoyin mast, su ne ke fara sakin histamin, hanyoyin jini su buɗe su fara yoyo, shi ya sa gefen ɗinkin yake yin ja, ya ɗau ɗumi, ya ɗan tasa yana sheƙi. Cikin 'yan awanni sai niyutirofil su iso, su ne suka fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, suna cika wurin a kwana na farko zuwa na biyu. Daga kwana biyu zuwa uku sai makurofaj su karɓi ragamar, waɗannan manyan ƙwayoyi ne masu haɗiye matattun nama da ƙwayoyin cuta, su ne masanin kimiyya Metchnikoff ya yi suna a kansu har ya sami kyautar Nobel a 1908. Abin kamar gidan da bango ya faɗi ne, masu kwashe ɓaraguzai su ne ke fara zuwa da ƙura da hayaniya, sai sun share wuri magina ke iya ɗora bulo, kuma abin mamakin shi ne a jiki makurofaj ɗin da ya yi sharan shi ne dai yake juyawa ya zama magini.

To ina zafin yake shigowa? Waɗannan ƙwayoyin suna magana da juna ta hanyar sinadarai, irin su TNF da IL-1 da IL-6, sannan ga furostagilandin. Sinadaran nan suna zuwa kan bakin jijiyoyin da ke jin zafi su mai da su masu saurin tashi, abin da da ba zai dame ka ba yanzu sai ya zama azaba. Ka duba mutumin da aka yi wa aikin ciki a kwana na biyu, riga kawai ta goga gefen bandejin sai ya yamutsa fuska, tari ya zo masa sai ka ga ya rungumi filo ya danna a cikinsa kafin ya yarda ya yi, juyawa a gado ma sai ya yi lissafi. Ba raki ba ne wallahi, jijiyar ce aka rage mata ma'auni. IL-6 kuma ba ta tsayawa a miki, tana shiga jini ta kai hanta da ƙwaƙwalwa, ita ce ke kawo ɗan zazzaɓi da kasala da rashin son abinci a kwana ɗaya biyun farko, kuma ita ke sa hanta ta yi sinadarin CRP da likitoci ke aunawa, wanda yake kai ƙololuwa wajen kwana biyu zuwa uku sannan ya fara sauka idan komai na tafiya daidai.

Amma ga ɓangaren da mutane ba su cika sani ba, kuma shi ne ya canja yadda nake kallon maganar gaba ɗaya. Waɗannan ƙwayoyin da suka kunna zafin su ne kuma suke kashe shi. Christoph Stein da abokan aikinsa a Jamus sun nuna tun shekarun 1990 cewa fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a wurin kumburi suna sakin endofin, wato irin mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, da jiki ke yi da kansa, a nan bakin jijiyar. Charles Serhan a Harvard kuma wajen shekarar 2000 ya gano sinadaran da ya kira resolbin, waɗanda aikinsu shi ne su ce wa niyutirofil ya isa haka ku daina shigowa, su kuma sa makurofaj su kwashe gawarwakin su fara gyara. Ma'ana warkewa ba wai kumburin ne yake gajiya ya mutu da kansa ba, akwai aikin rufewa da jiki ke yi da gangan, kuma wani sashe na wannan aikin yana dogara da yadda aka buɗe shi tun farko.

Yanzu mu zo kan zaɓin.

Farasitamol shi ne wanda aka fi rainawa, ni kuma shi nake sa wa a gaba. Kusan ba ya taɓa kumburin da ke cikin miki, aikinsa yawanci a can ƙwaƙwalwa da laka yake, saboda haka ƙwayoyin garkuwar suna ci gaba da aikinsu shi kuma yana rage maka jin abin. Ba ya cin ciki, ba ya sa jini ya ƙi tsayawa, ba ya takura ƙoda a ƙa'idar shansa. Matsalarsa biyu ce, shi kaɗai ba ya isa ga babban aiki, sannan iyakarsa ba ta wasa ba ce, babba mai lafiyayyar hanta ba ya wuce giram 4 a awa 24, wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta ko mai shan giya ƙasa da haka ma, kuma a kula domin magungunan mura da yawa akwai shi a ciki mutum yana ninkawa bai sani ba. Abin da ke sa mutane su ce ba ya aiki sau da yawa shi ne sai zafi ya kai maƙura sannan su sha, alhali bayan aiki a kan agogo ake shansa, duk awa shida, kafin zafin ya taru.

Sai magungunan kashe kumburi, wato dangin aibufurofen, diklofenak, nafuroksen, ketorolak da selekoksib, su ne ainihin inda maganar garkuwar jiki ta fi zafi, kuma nan zan fi daɗewa. Su suna toshe wani sinadari da ake kira COX wanda shi ke ƙera furostagilandin, John Vane ne ya gano haka a kan asfirin a 1971, ya sami Nobel a 1982. Tunda furostagilandin ne ke tsokanar jijiyar, toshe shi yana rage zafi sosai, musamman zafin motsi, irin na tari da tashi daga gado da taka ƙafa, wanda ko mofin ba ya iya masa yadda ya kamata. Idan aka haɗa su da farasitamol sun fi kowanne shi kaɗai, kuma suna rage yawan mofin ɗin da mara lafiya zai buƙata, shi ya sa likitocin allurar barci suke son su. Bayan cire haƙori, bayan aikin ƙaba, bayan haihuwa ta hanyar aiki idan jini ya tsaya kuma ƙoda lafiya, gaskiya da wuya ka sami abin da ya fi wannan haɗin.

To amma furostagilandin ba aikin zafi kaɗai yake yi ba. Shi ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin ciki, shi ke riƙe hanyar jinin ƙoda a buɗe lokacin da jiki ya rasa ruwa, kuma wanda aka yi wa aiki ai dama ya yi azumi, ya zubar da jini, wataƙila yana amai. Ka ɗora masa diklofenak a wannan halin, musamman tsoho ko mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ƙoda tana iya tsayawa. Mai olsa, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon zuciya, mai asmar da asfirin ke tayar masa, duk waɗannan ba a ba su haka kawai. Bayan aikin canja hanyoyin jinin zuciya ma hukumar magunguna ta Amurka ta hana su kwata-kwata. Ketorolak a Amurka ba a wuce kwana 5 da shi. Diklofenak kuma hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi a 2013 ga masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Selekoksib ya fi sauƙi a ciki kuma ba ya hana jini daskarewa, amma bai kuɓuta daga maganar zuciya da ƙoda ba, ɗan uwansa Vioxx ai janye shi aka yi daga kasuwa a 2004 saboda bugun zuciya.

Sannan akwai maganar warkewar kanta. Idan an yanke hanji an sake haɗa shi, likitoci da yawa suna kaffa-kaffa da waɗannan magungunan, musamman diklofenak, saboda wasu bincike sun danganta su da yoyon wurin haɗin. Haka idan ƙashi ake jira ya haɗe, ko an yi aikin haɗa ƙashin baya, shan su da yawa na dogon lokaci abin tsoro ne domin ƙashi yana amfani da furostagilandin wajen fara gini. A 2022 kuma wasu masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka fitar da wani aiki da ya ta da ƙura, sun duba jinin masu sabon ciwon baya suka ga waɗanda suka warke su ne waɗanda niyutirofil ɗinsu ya tashi sosai da farko sannan ya lafa, waɗanda ciwon ya zame musu na dindindin kuwa ba su yi wannan tashin ba. A ɓeraye kuma da suka danne kumburin da diklofenak ko deksametason, zafin ya ragu nan take amma ya daɗe bai tafi ba. A fahimta fa, wannan ciwon baya ne da ɓeraye, ba masu tiyata ba, kada wani ya karanta ya jefar da maganin da likitansa ya rubuta. Abin da na ɗauka a ciki shi ne yana ƙarfafa abin da dama ake faɗa, a sha su 'yan kwanaki lokacin da zafin ke kan ganiya, a mafi ƙarancin da zai yi aiki, sannan a ajiye. Wanda ke damuna shi ne mai ci gaba da haɗiyar su sati uku sati huɗu saboda ya ga wurin bai gama saɓewa ba, yana ganin duk kumburi cuta ne.

Deksametason da sauran dangin sitiroyid sun fi duk waɗannan ƙarfin danne garkuwar jiki, su ba ƙofa ɗaya suke rufewa ba, suna shiga cikin ƙwayar su hana ta ƙera sinadaran tun daga tushe. Allura ɗaya ta miligiram 4 zuwa 8 a ɗakin tiyata abu ne da ake yi kullum, tana hana amai, tana rage zafi da kumburi kaɗan, kuma wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ostireliya mai suna PADDI, wanda ya fito a 2021 da mutum sama da 8,000, ya nuna miligiram 8 sau ɗaya bai ƙara ruɓewar miki ba, har ga masu ciwon suga, sai dai sugan yana ɗan hawa na kwana ɗaya. Wannan daban, shan sitiroyid a gida kullum da sunan kashe kumburi daban, nan kam ba na ganin akwai abin muhawara, yana jinkirta haɗewar nama, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma yana iya ɓoye zazzaɓin da zai nuna maka an samu matsala. Wanda kuma dama yana kan sitiroyid saboda wata cuta kada ya tsayar da kansa, ya gaya wa likitan kafin aikin domin tsayarwa farat ɗaya haɗari ce.

Mofin, fetidin, kodin, tiramadol. Su ba ruwansu da kumburin, suna zuwa laka da ƙwaƙwalwa ne su rage saƙon. Bayan babban aiki ana buƙatarsu kuma babu kunya a ciki, barin mutum cikin azaba shi ma yana da farashi, ba zai yi numfashi mai zurfi ba majina ta taru a huhu, ba zai tashi ya taka ba jini ya daskare a ƙafa, sinadaran tashin hankali kamar kotisol su hau su ma su danne garkuwar. Amma kada a ɗauka tunda ba sa taɓa kumburi to ba sa taɓa garkuwa, ƙwayoyin garkuwar suna da wurin da waɗannan magungunan ke kamawa, kuma an nuna mofin yana rage kuzarin wasu ƙwayoyi da ake kira NK masu farautar ƙwayoyin da suka lalace. Ga taurin bayan gida wanda ga mai ɗinki a ciki azaba ce ta daban, ga amai, ga jiri, ga danne numfashi musamman ga mai minsharin da numfashinsa ke yankewa a barci ko wanda aka haɗa masa da maganin barci, ga sabo. Wani lokaci ma yawansu yana juyawa ya ƙara wa mutum jin zafi. Tiramadol da mutane ke gani kamar mai sauƙi yana iya kawo farfaɗiya, yana rikici da magungunan damuwa, kuma shi da kodin sai hanta ta sarrafa su suke aiki, wani hantarsa tana yi da gudu har ya yi masa yawa wani kuma kusan ba ya jin komai. Saboda haka ne a 2017 Amurka ta hana ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 tiramadol da kodin, ta kuma ce mai shayarwa ta guje su. Ni a wurina matsayinsu shi ne na agaji, a ɗora a kan farasitamol da maganin kashe kumburi idan zafin ya fi ƙarfinsu, kwana kaɗan, kuma su ne farkon abin da za a sauke.

Akwai zaɓin da mara lafiya bai cika sanin yana da ikon tambaya ba, kuma shi na fi so a yi magana a kai tun kafin ranar aikin, wato allurar kashe wuri. Ko dai a zuba lidokain ko bufibakain a gefen yankan, ko a nemo jijiyar da ke kai saƙo daga wurin da na'urar hoto a kashe ta, ko a sa siririn bututu a baya. Wannan yana tare saƙon tun kafin ya isa laka, kuma hakan na da muhimmanci domin laka ma tana da nata ƙwayoyin garkuwar, maikurogiliya, waɗanda idan saƙon zafi ya yi ta dukansu sai su farka su ƙara wa saƙon murya, ana ganin suna da hannu a ciwon da ke ƙin tafiya. Wani abin sha'awa da aka gani a ɓeraye a 2015, a McGill ɗin dai, shi ne maza ta maikurogiliya zafin ke bi, mata kuwa sun fi bi ta wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T. Allurar kashe wuri ba ta hana makurofaj aikinsa a miki, ba ta cin ciki, ba ta taɓa ƙoda. Aibinta shi ne tana buƙatar gwanin hannu, ba kowane aiki take dacewa da shi ba, ta baya ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini sai da lissafi, kuma tana sakin mutum, sau da yawa cikin dare, zafin ya dawo gaba ɗaya lokaci guda. Don haka idan an yi maka, ka fara shan ƙwayoyinka tun wurin yana a mace, kada ka jira.

Idan ka haɗa duka za ka ga dalilin da ya sa tun 1993 Henrik Kehlet na Denmak da abokin aikinsa suka kawo tsarin haɗa magunguna kaɗan-kaɗan daga hanyoyi daban-daban maimakon a cika guda ɗaya. Matashi mai lafiyar ƙoda da ciki da aka yi wa ƙaramin aiki, farasitamol da aibufurofen na 'yan kwanaki sun wadatar da shi. Dattijo mai hawan jini da suga, ni zan karkata ga farasitamol da allurar kashe wuri da ɗan mofin kaɗan a ƙarƙashin ido, in bar dangin diklofenak sai likita ya duba gwajin ƙoda ya yarda. Wanda aka haɗa wa hanji ko ƙashi, likitan da ya yi ɗinkin shi ke da magana ta ƙarshe a kan maganin kumburi, dan Allah a tambaye shi kai tsaye kafin a sayi komai a kemis. Gabafentin da furegabalin da ake ta rubutawa a wasu wurare, amfaninsu a zafin kwanakin farko kaɗan ne kuma suna sa barci da jiri, sun fi amfani idan jijiya ce aka taɓa.

Abin da ya rage shi ne ka iya bambanta kumburin gyara da na ruɓewa, domin duk maganin da ka zaɓa zai iya rufe maka ido. Na gyara yana tsananta kwana biyu zuwa uku sannan kullum ya ɗan ja baya, jan yana tsaye a gefen ɗinki kamar an zana shi. Idan kuwa bayan kwana na uku ko na huɗu zafin ƙaruwa yake yi, jan yana faɗaɗa, wurin yana bugawa, mugunya ko ruwa mai wari na fitowa, zazzaɓi ya dawo da rawar sanyi, to wannan ba na ƙara ƙwaya ba ne, a koma asibiti a ranar. Sigari da sugan da ya hau duk suna kashe wa niyutirofil kuzari, masu su su fi kowa sa ido. Idan kuma an wuce wata uku wurin yana nan yana ƙuna ko yana tsira kamar lantarki ko taɓa tabon ma ba ya yiwuwa, wannan shi ne ciwon bayan tiyata mai daɗewa, an fi ganinsa bayan aikin ƙirji da cire nono da yanke gaɓa da aikin ƙaba, kuma aibufurofen ba ya yi masa komai sai dai ya ci maka ciki, likitan da ya san ciwon jijiya ake nema a sake lale.